Ɗana, Ka San Hanyar Kowace Kwantena Kafin Ka Yarda da Gwajinta

Na ji labarin an ɗora maka aikin shirya wurin gwajin manhaja a wurin aikinku, inda za a riƙa tayar da kwantenoni, a haɗa su da juna, a jarraba abin da aka rubuta kafin ya isa hannun jama'a. Na yi murna, na kuma ɗan tausaya maka, domin aiki ne da ba a tuna mai yinsa muddin komai na tafiya daidai, amma ranar da gwaji ya tsaya cik kuma ana jiran a saki sabon aiki, sunansa ne farkon wanda za a kira. Saboda haka ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci, in gaya maka abin da na fahimta game da shimfiɗa hanyar sadarwa tsakanin waɗannan kwantenoni, tun da a nan ne na ga samari masu kaifin basira suna yin gaggawa fiye da ko'ina.

Ka fara da sanin abin da kake riƙe da shi. Kwantena shiri ne da ke gudana a kan Linux kamar kowane shiri, sai dai an keɓe masa abin da yake iya gani. Dabarar keɓe wa shiri hanyar sadarwarsa ta shiga cikin Linux tun wajen 2008, kuma abin da Solomon Hykes da abokan aikinsa suka yi da suka fito da Docker a 2013 shi ne sauƙaƙe ta har ta kai hannun kowa. Kowace kwantena tana da nata adireshin, da nata jerin hanyoyin, da nata ƙofofin masu lamba, kuma abin da ya fi rikita sababbin hannu, tana da nata localhost. Ka ɗauka gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: kowane ɗan haya idan ya ce "ɗakina" gaskiya ya faɗa, amma ba ɗaki ɗaya suke nufi ba. Haka adireshin nan 127.0.0.1 yake. Manhajarka tana cikin kwantena ɗaya, rumbun bayanai na PostgreSQL yana cikin wata, ka rubuta mata ta nemi rumbun a localhost, ƙofa ta 5432, sai ta duba cikin kanta ba ta ga kowa ba, ta dawo ta ce an ƙi ta. Rumbun yana nan lafiyarsa ƙalau, kai ne ka aika ta inda ba ya nan. Akwai kuma juyin wannan matsala, inda shiri kamar Flask, idan ba a gaya masa wani abu ba, yake sauraro a 127.0.0.1 kaɗai, don haka ko ka buɗe masa ƙofa daga waje babu saƙon da zai kai gare shi sai ka ce ya saurara a 0.0.0.0. Idan kuma kwantena ce ke bukatar wani abu da ke kan kwamfutar da ta ɗauke ta, akwai sunan host.docker.internal, wanda yake aiki kai tsaye a Docker Desktop, a Linux kuwa sai ka ƙara shi da hannunka.

A daidai wannan wuri ne wani zai raɗa maka cewa ka sa --network host ka huta. Zai yi aiki, ban musa ba, domin ka rushe keɓewar gaba ɗaya, kwantenar ta koma amfani da hanyar kwamfutar kanta. Amma ka duba abin da ka saya da wannan sauƙin. Gwaji biyu ba za su iya gudana tare ba idan dukansu suna son ƙofa ɗaya, abokin aikinka mai amfani da Mac ko Windows zai iya ganin wani hali daban saboda a can Docker yana zaune ne cikin wata kwamfutar Linux ta ɓoye, kuma abin da ya fi damuna, ka wuce matsalar ba tare da ka gane ta ba, saboda haka tana nan tana jiranka a gaba, ranar da manhajar za ta shiga wurin aiki na gaske inda ba wanda zai yarda ya rushe maka katanga. Yaron da ya saba kawar da duk abin da bai fahimta ba daga gabansa, wata rana sai ya kawar da abin da yake kare shi.

Idan ka girka Docker, yana ƙirƙirar wata gada mai suna docker0, ya ba ta adireshin 172.17.0.1, kuma duk kwantenar da ba ka ce mata komai ba a nan take sauka. Wannan gada ta asali tana da nakasa guda da ya kamata ka sani: kwantenonin da ke kanta ba sa iya kiran juna da suna, sai da lambar adireshi. Lambar kuwa ba ta da tabbas, yau rumbun bayanai ya samu 172.17.0.2 saboda shi ya fara tashi, gobe wata ta riga shi ta karɓe. Na sha ganin inda aka rubuta irin wannan lamba cikin fayil ɗin gwaji, abin yana aiki wata da watanni, sai ranar da aka ƙara kwantena ɗaya komai ya rikice, aka yi ta zargin wanda ya ƙara ta alhali ba shi da laifi. Saboda haka ka ƙirƙiri taka hanyar da docker network create, ko ka bar Docker Compose ya yi maka, domin shi yana yi wa kowane aiki tasa hanyar daban. A kan irin wannan hanya akwai mai fassara suna zuwa adireshi da Docker ya ajiye a 127.0.0.11 cikin kowace kwantena, sai ka kira rumbun da sunan da ka ba shi a fayil, lamba ta canza yadda ta ga dama. Kuma idan gwaje-gwaje da yawa za su gudana lokaci ɗaya a kan kwamfuta ɗaya, ka ba kowane zagaye sunan aiki daban, don kowanne ya samu tasa hanyar, kada bayanan wannan su gauraya da na wancan.

Akwai wata rigima ta adireshi da ba ta nuna fuskarta da wuri. Tun 1994 aka ware jeri uku na adireshi don amfanin cikin gida, wanda ya fara da 10, da wanda ya kama daga 172.16 zuwa 172.31, da wanda ya fara da 192.168, kuma daga cikin biyun ƙarshe Docker yake yanka wa sababbin hanyoyi rabonsu. To, ofisoshi da jami'o'i da bankuna su ma daga nan suke ɗiba. Docker yana duba hanyoyin da kwamfutar ta sani a lokacin da zai yanka, amma ba ya ganin jerin da ke can nesa cikin ginin ofis, ba ya kuma ganin na VPN ɗin da ba ka kunna ba tukuna. Sai ka wayi gari wata kwamfutar ofis ta ɓace maka, kowa yana isa gare ta ban da kai, domin kwamfutarka tana tura saƙon cikin gadar kwantena tana zaton can ne gidansa. Maganin yana cikin fayil ɗin daemon.json, inda za ka gaya wa Docker jerin da zai riƙa ɗiba, amma kafin ka taɓa fayil ɗin ka tashi ka je wurin mai kula da sadarwar ofis, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi wane jeri ne babu mai amfani da shi. Mutanen nan sun daɗe suna riƙe da abin da ba a rubuta a ko'ina ba, kuma suna jin daɗin a tambaye su kafin a yi ɓarna.

Jerin da Docker yake ɗiba kuma yana ƙarewa. A tsarinsa na asali hanyoyi kimanin 30 kawai yake ɗauka, don haka kwamfutar gwajin da ake tayar da kwantenoni a kanta dare da rana ba tare da ana rushe na baya ba, wata rana za ta ce babu sauran wuri. Ka saba da docker compose down a ƙarshen kowane zagaye, kuma ka tsara shi yadda zai gudana ko gwajin ya ci ko ya faɗi, domin gwajin da ya faɗi a tsakiya shi ne ya fi barin tarkace. Masu kayan aikin gwaji na Testcontainers, wanda Richard North ya fara a 2015, sun san halin ɗan Adam sosai, shi ya sa suka sa wata ƙaramar kwantena mai suna Ryuk wadda aikinta kawai ta share abin da gwaji ya bari idan ya mutu ba shiri.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi sa ni rubuto maka, wato ƙofofi, na shiga da na fita. Idan ka rubuta -p 5432:5432, ka ɗauka ka buɗe wa kanka ƙofa ne kawai, alhali ka buɗe ta ga duk wanda zai iya isa kwamfutar, domin idan ba ka ambaci adireshi ba Docker yana ɗaura ƙofar a kan dukkan fuskokin kwamfutar. Abin da ya fi wannan ban tsoro, a kan Ubuntu mutum zai kunna katangar tsaro ta ufw ya kwanta da kwanciyar hankali, bai san Docker yana rubuta nasa dokokin kai tsaye cikin iptables ba, ta yadda saƙo yake karkata zuwa kwantena tun kafin ya kai inda ufw zai tare shi. Kamfanin Docker da kansa ya rubuta wannan gargaɗi a takardunsa, sai dai ba kowa yake karantawa ba. Ka haɗa wannan da ɗabi'ar sa kalmar sirri mai sauƙi a wurin gwaji, da ɗabi'ar kwafo bayanan mutane na gaske don "a gwada da abin da ya yi kama da gaskiya", ka ga inda abin zai kai. A farkon 2017 an bi rumbunan MongoDB dubun dubata da aka bari a buɗe a intanet ba kalmar sirri, aka share abin da ke ciki, aka bar wa masu su takardar neman fansa da Bitcoin. Masu irin wannan aiki na'ura suke sakawa tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa sanannun ƙofofi, 27017 da 6379 da 3306, kuma ba ta tambaya ko rumbun na gwaji ne. Saboda haka idan dole ka buɗe, ka rubuta 127.0.0.1:5432:5432 don ƙofar ta tsaya cikin kwamfutarka. Mafi yawan lokaci ma ba ka bukatar buɗewa sam, domin kwantenonin da ke kan hanya ɗaya suna magana da juna ba tare da an buɗe komai zuwa waje ba. Idan kuma shirin gwajin yana wajen kwantena, ka bar Docker ya zaɓi ƙofar da ba kowa a kanta, sa'an nan gwajin ya tambaye shi wacce ya zaɓa, kamar yadda Testcontainers yake yi.

Ƙofar fita kuwa ita ce wadda kusan kowa yake mantawa, domin kwantena a tsarinta na asali tana iya fita intanet ta je duk inda ta so. A watan Yuni na 2021 wasu daga cikin masu biyan kuɗin kallon HBO Max a Amurka suka samu imel wanda babu komai cikinsa sai alamar cewa saƙon gwaji ne, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya ce wani ɗan koyon aiki ne ya yi kuskure kuma ana taimaka masa. Mutane sun yi dariya, da yawa kuma suka fito suna lallashin yaron da labarin nasu kurakuran, abin ya ƙare lafiya tun da saƙon bai cutar da kowa ba. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, ɗan koyo ba ya iya aika wa jama'a saƙo sai idan manya sun bar hanya a buɗe daga wurin gwaji zuwa jerin mutane na gaske. Yanzu kai ne babba a wannan wuri, ɗana, ko da shekarunka kaɗan ne, domin kai ne mai shimfiɗa hanyar, kuma ƙanin da zai zo bayanka zai danna abin da bai sani ba, kamar yadda kowa ya taɓa yi. Ka yi tunanin a ce saƙon na cire kuɗi ne daga asusun mutane, ko na sanar da majiyyaci sakamakon asibiti. Saboda haka ka sa internal: true a kan hanyar gwajin, wanda yake hana kwantenonin da ke kanta fita waje, ka shigar da kwantenar da ke gudanar da gwajin ita ma ciki. Duk abin da manhajar take bukata daga waje ka yi masa madadi a cikin gida: Mailpit ko MailHog su kama duk imel ɗin da aka aika su riƙe don ka duba, wata ƙaramar kwantena ta tsaya a matsayin kamfanin biyan kuɗi ko na aika saƙon waya tana ba da amsar da ka tsara. Za ka ga wani amfani da ba ka yi zato ba, domin ranar farko da ka rufe hanyar fita, duk wani wuri da manhajar take leƙawa a ɓoye ba da saninku ba zai fito fili, tun da gwajin zai faɗi a daidai nan.

Sai maganar jira. Compose yana da depends_on, mutane suna ɗauka yana jiran rumbun bayanai ya shirya, alhali idan ba a ƙara masa sharaɗi ba, tashin kwantenar kawai yake jira. Sai gwaji ya ci yau ya faɗi gobe, sai wani ya rubuta sleep 30 a gaba ya ce ya gyara. Wannan ba haƙuri ba ne, ɗana, rufe ido ne, domin a kwamfuta mai sauri ka zubar da lokacin kowa a banza, a ranar da kwamfutar ta yi nauyi kuma daƙiƙa 30 ɗin ba za su isa ba. Mai haƙuri yana tambaya ne har a amsa masa, saboda haka ka rubuta healthcheck, ka sa sharaɗin service_healthy. Ko a nan ma akwai ɗan tarko da nake so ka sani: kwantenar PostgreSQL, idan rumbunta sabo ne fil, kamar yadda yake a kowane gwaji, tana tayar da shi na ɗan lokaci don ta shirya teburori, ta kashe, sa'an nan ta sake tayar da shi na gaske. Shi ya sa saƙon cewa ya shirya yake fitowa sau biyu. Tashin farko ba ya sauraron hanyar sadarwa, don haka idan za ka tambaya da pg_isready, ka tambaya ta adireshi, ta hanyar da manhajarka za ta bi.

Wani abu kuma a taƙaice, don kada ya cinye maka yini: idan ka ga ƙananan saƙonni suna wucewa amma manya suna maƙalewa ba tare da wani bayani ba, ka duba girman ƙunshin da hanya take ɗauka. Gadar Docker tana ɗaukar 1500, VPN kuwa yakan rage, WireGuard alal misali yakan tsaya a 1420, sai ka daidaita na kwantena da na hanyar da za ta bi.

Bayan ka gyara duk wannan, za ka samu hanya mai tsabta wadda saƙo yake wucewa cikinta cikin ƙiftawar ido ba ya ɓata, kuma a nan ne nake so ka ƙara yin hattara, domin babu mai amfani da manhajarka da yake da irin wannan hanya. Tun 1994 Peter Deutsch na kamfanin Sun Microsystems ya jera zato na ƙarya da masu rubuta manhaja suke yi, na farkonsu shi ne zaton cewa hanyar sadarwa abar dogaro ce. Mu da muke tsakanin Kano da Gusau da Maraɗi ba ma bukatar a karanta mana wannan, mun san yadda sabis yake ɗaukewa ana tsakiyar tura kuɗi, mai POS yana kallon na'ura, mai kuɗi yana kallon wayarsa an cire masa amma ba a biya ba. Irin wannan baƙin ciki yakan samo asali ne daga manhajar da ba a taɓa gwada ta a kan hanya mai yankewa ba, ba wanda ya tambaya me zai faru idan buƙata ta tafi amsa ba ta dawo ba, aka sake turawa. Kana da kayan aikin da za ka ɓata hanyar da gangan. A cikin Linux akwai tc da netem, da za ka ce a jinkirta kowane ƙunshi ko a zubar da wani kaso daga ciki, akwai kuma Toxiproxy da kamfanin Shopify ya fitar, wanda za ka sa tsakanin manhaja da rumbunta ka yanke zancen a tsakiya ka ga yadda za ta yi. Ka ware wa wannan gwaje-gwaje nasu, ko da masu gaggawar sakin aiki sun ce ɓata lokaci ne, domin matar da ke ƙauye tana jiran kuɗin da ɗanta ya turo ba ta da wanda zai yi magana a madadinta a wannan ofis sai wanda ya rubuta irin wannan gwaji.

Ka kuma sa a ranka cewa kwamfutar da ke gudanar da gwaji da kanta bayan kowane gyara ba lallai ta yi kama da taka ba. A GitHub Actions, idan aikin yana gudana cikin kwantena, da suna ake kiran rumbun bayanai, idan kuma kai tsaye yake kan kwamfutar, sai ta localhost da ƙofar da aka buɗe. Saboda haka kada ka binne adireshi cikin rubutun gwaji, ka bar shi ya zo daga waje a matsayin saiti. Kuma tun Nuwamba 2020 Docker Hub ya sa iyaka kan yawan ɗebowar hotunan kwantena da mutum zai yi cikin sa'o'i, don haka ofishin da kowa yake fita intanet ta adireshi ɗaya zai yi kyau ya ajiye nasa ma'ajin hotunan kwantena a cikin gida, wanda zai rage muku kuɗin data ma, abin da ba ƙarami ba ne a wurinmu.

Ranar da abu ya ƙi, kuma zai ƙi, kada ka fara da kashe komai ka sake kunnawa, domin ko ya gyaru ba ka koyi komai ba. Ka shiga cikin kwantenar da ke kuka, ka tambaya daga inda take tsaye: sunan yana fassaruwa zuwa adireshi? Idan yana fassaruwa, ana isa adireshin? Idan ana isa, akwai mai sauraro a ƙofar, kuma a wace fuska yake sauraro? Umarnin docker network inspect zai nuna maka waɗanda suke kan hanya ɗaya, kuma sau da yawa a nan za ka tarar ɗaya tana wata hanya daban tun farko. Abin da ka gano ka rubuta shi a gefen layin da ka gyara, da dalilinsa, cikin kalmomi masu sauƙi. Idan ka gama fayil ɗin, ka miƙa wa wata abokiyar aikinka ko abokin aikinka da bai taɓa ganinsa ba ya tayar da shi a kwamfutarsa, kai kuma ka zauna gefe ka kama bakinka, kana rubuta duk inda ya tsaya yana tambaya, washegari ka gyara waɗannan wuraren. Ka gaida mutanen gida, Allah ya ba da sa'a.